Yadda ake kula da lafiyar ƙarfen da ke cikin teku, tun daga kafa shi har ranar cire shi

Assalamu alaikum. Wannan rubutun na yi shi ne saboda ƙannenmu da suka gama karatun injiniya a Zariya ko Kano ko Bauchi, ko waɗanda suka bi ta makarantar horar da ma'aikatan mai ta PTI da ke Effurun, aiki ya kai su Fatakwal ko Legas, rana ɗaya kawai oga ya kira ka ya ce to daga yau kana ɓangaren duba lafiyar dandamalin mai da bututun ƙarƙashin teku. Na san yadda abin yake ga wanda ya taso bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga ba, sai ga shi cikin jirgi mai saukar ungulu an sa masa rigar ruwa, gaba ruwa baya ruwa, can nesa ka hango wuta tana ci a saman wani dogon ƙarfe, a ce maka can za ka yi sati huɗu. To ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, aikin ana koyonsa, amma fa aiki ne da ran mutane ke rataye a kai, shi ya sa nake so mu bi shi a tsanake.

Bari mu fara da me ke cikin ruwan ma tukuna. A inda ruwa ba shi da zurfi sosai, kamar gaɓar Akwa Ibom da Delta, za ka ga dandamali ne a tsaye kan ƙafafun ƙarfe da aka kafe cikin ƙasan teku, wannan ƙafafun da sandunan da suka ɗaure su su ake kira jaket. In aka nausa can ciki kuwa babu maganar ƙafa, sai wani ƙaton jirgi da ake kira FPSO, shi ne ke karɓar mai daga rijiyoyi ya raba shi da ruwa da gas ya ajiye a cikinsa har tanka ta zo ta ɗauka. Bonga misali, ya fara aiki a 2005, yana kimanin kilomita 120 daga gaɓa kuma zurfin ruwan wurin ya haura mita 1,000. Egina da ya fara a ƙarshen 2018 ma ya fi shi zurfi. Irin wannan jirgin sarƙoƙi ne da anga ke riƙe da shi wuri ɗaya shekara da shekaru, sannan ga bututun da ke hawowa daga ƙasa zuwa jikinsa wanda muke kira raiza, ga kawunan rijiyoyi da bawul-bawul zaune a cikin duhu da sanyi. Kowace mita 10 ka nutsa matsin ruwa na ƙaruwa da kusan bar ɗaya, bar shi ne ma'aunin matsi, kenan a mita 1,000 kana maganar bar 100, ɗan Adam ba ya zuwa wurin, duk abin da ka sani game da kayan nan ta kyamara da na'ura ka san shi.

Abubuwan da ke cin ƙarfen nan guda uku ne a taƙaice. Tsatsa, ita kowa ya santa, ruwan gishiri ne kuma ruwan namu na gaɓar Gini mai ɗumi ne, tsatsa na son haka. Sai buguwa, jirgin kawo kaya ya gogi ƙafa, ko wani abu ya suɓuce daga kiren ya faɗa kan bututu, ko anga ta ja shi. Na ukun shi ne wanda sababbi ba sa ɗauka da muhimmanci, wato gajiyar ƙarfe. Ka tuna lokacin da muke yara muna yin motar langa-langa, in ba ka da filaya sai ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya har ta yi zafi ta karye, to haka igiyar ruwa ke yi wa walda. Yi lissafi da kanka, in igiya na zuwa duk daƙiƙa 8, a yini ɗaya ta bugi ƙarfen sau 10,800, a shekara kusan sau miliyan 4, kuma an ce ƙarfen ya yi shekara 20 ko 25 a haka.

Duk wanda zai shiga aikin nan ina so ya san labarin Alexander Kielland. Dandamali ne na kwanan ma'aikata a filin man Ekofisk na ƙasar Norway, yana iyo kan ƙafafu biyar. Ranar 27 ga Maris 1980 da yamma ana iska, ƙafa ɗaya ta ɓalle, cikin kusan minti 20 ya kife, mutum 212 ne a kai, 123 suka rasu. Da aka yi bincike sai aka gano tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6 da aka yi don maƙala wata ƙaramar na'urar sauraron sauti a jikin ɗaya daga cikin sandunan da ke riƙe ƙafar, kuma har fenti aka samu a cikin tsagar, ma'ana tun a wurin ƙira take, aka yi fenti a kanta aka kai shi teku. Igiyar ruwa ta yi ta buɗa ta a hankali shekara bayan shekara babu wanda ya leƙa wurin. Wallahi duk lokacin da na ga matashi ya wuce wata ƙaramar walda yana cewa ai wannan ba komai ba ce, mutanen nan 123 nake tunawa.

To yanzu aikin kansa. Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka taka jirgi, ka nemo fayil. Zanen ƙira, zanen yadda aka gina shi a zahiri domin sau da yawa sun bambanta, takardun ƙarfen da aka yi amfani da shi, rahoton gwajin walda, kaurin kowane bututu ranar da aka kafa shi, bidiyon duba na farko da aka yi bayan an gama kafawa, da duk wani gyara ko ƙari da aka yi daga baya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, a nan wurin maganar gaskiya ce ƙwarai, domin duk awon da za ka yi nan gaba ba shi da ma'ana sai ka san da me za ka kwatanta shi. Ka auna bututu ka samu milimita 18, shin lafiya ne ko matsala? Ai ba za ka sani ba sai ka san nawa yake da farko kuma yaushe aka auna shi na ƙarshe. Kuma a yanzu da manyan kamfanonin waje ke sayar da tsofaffin filayensu ga kamfanonin gida, fayil na ɓata a hanya, a miƙa maka dandamali mai shekara 30 da kwali biyu na takardu. In ka samu kanka a haka kar ka yi ƙarya a rahoto kar kuma ka cike gurbi da hasashe, ka nemi a yi cikakken duba sabo fil, a mai da shi shi ne mafarin lissafi.

Bayan fayil sai ka zauna da mutanen aiki ku tantance me ya fi haɗari. Ba za ka iya duba kowace walda kowace shekara ba, jirgin da ke ɗauke da na'urar nutso kuɗin hayarsa na yini ɗaya ma ya isa ya sa manaja ya ɓata rai. Sai ku yi wa kowane sashe tambaya biyu, yaya yiwuwar ya lalace, kuma in ya lalace me zai faru. Raizar gas da ke hawowa kusa da inda mutane ke kwana ba ɗaya take da matakalar da ba kowa ke bi ba. Wanda ya haɗa biyun, yiwuwa babba da ɓarna babba, shi ake yawan dubawa kuma da na'urar da ta fi gani. Akwai littattafan ƙa'ida da za su yi maka jagora, API RP 2SIM na jaket, da na DNV na bututu, sannan FPSO jirgi ne don haka hukumomin tantance jiragen ruwa irin su ABS da DNV da Lloyd's Register da Bureau Veritas suna da nasu zagayen, akwai na shekara-shekara akwai babba na duk shekara biyar. Ka karanta su, amma ka riƙa tambayar tsofaffin ma'aikatan wurin ma, mai fenti da mai kiren sun san inda jirgi ya taɓa gogar ƙafa wanda ba a rubuta ko'ina ba.

Duba na sama da ruwa shi ne ya fi sauƙi kuma shi aka fi yi wa sakaci. Ka ɗau tocila da kyamara da ɗan guduma ka bi da ƙafarka. Inda za ka fi zuba ido shi ne daidai inda ruwa ke fantsama, wurin da yanzu ya jiƙe anjima ya bushe, nan tsatsa ta fi sauri a duk jikin dandamalin, ga gishiri ga iska, kuma kariyar lantarkin da ke hana tsatsa a ƙarƙashin ruwa, wadda za mu zo kanta nan gaba, ba ta kai wa nan sosai, fenti ko rufin roba ne kawai ke tsare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, da zarar fentin ya ɓare to an buɗe ƙofa. Sai ƙarƙashin maɗaurin bututu, inda bututu ya zauna kan ƙarfe ruwa na kwanciya a wurin. Sai kuma bututun da aka naɗe da abin riƙe zafi, daga waje ka gan shi fes yana ƙyalli, ka buɗe naɗin ka tarar ruwa ya shiga ya zauna ya cinye rabin kaurin. Wannan kam sai an buɗe, babu wata dabara ta ido.

Awon kauri da na'urar sauti ake yi, ka goge wurin ka shafa ɗan man jel ka ɗora kan na'urar, sautin ya shiga ƙarfe ya dawo ta ba ka lamba. Dan Allah ka gwada na'urar a kan ƙarfen gwaji da aka san kaurinsa kafin ka fara da bayan ka gama, kuma wurin da ka auna bana nan za a auna baɗi, ka sa masa lamba a jiki da a zane, in aka sake fenti a mayar da lambar. Tsagar walda kuwa ana nemanta da maganaɗisu da garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsagar ya fito kamar zare.

Ƙarƙashin ruwa nan ne aikin ya fi daɗi a wurina. Masu nutso da iska ta yau da kullum ba sa wuce mita 50, ƙasa da haka sai masu nutso na musamman da ke zama cikin ɗakin matsi na kwanaki, shi ya sa yawancin duba yanzu da na'urar nutso ake yi wadda ake kira ROV, girmanta kamar ƙaramar mota, da fitilu da kyamarori da hannu, igiya ta haɗa ta da jirgi. Kai kuma kana zaune cikin kwantena mai sanyin esi kusa da matuƙinta, wataƙila ƙarfe biyun dare, allo shida a gabanka, jirgi na lilo, wasu fararen abubuwa kamar ƙurar harmatan suna wucewa gaban fitila, can sai ƙafar jaket ta bayyana ta cika da gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo har ba ka gane ƙarfe ne. A nan kar ka ji nauyin matuƙi, in ba ka gani da kyau ba ka ce malam dan Allah koma baya kaɗan, haska min gefen hagu. Kai ne za ka sa hannu a rahoton. Kuma ka riƙa faɗin abin da kake gani da baki ana ɗauka, lambar sanda, zurfi, lokaci, domin wanda zai kalli bidiyon bayan shekara biyar ba ya nan yau.

Me ake nema? Farko dai ka ƙirga, duk sandunan da ke zane suna nan? An sha zuwa a tarar sanda ta lanƙwashe ko ta ɓalle. Sai anod. Anod wasu tubala ne na alminiyom da aka gauraya da zinc da wani ɗan sinadari, ake walda su jikin ƙarfen tun a tudu, aikinsu su ci tsatsar a madadin ƙarfen, su narke shi ya tsira. Sabo yana da kusurwa kamar bulo, wanda ya yi aiki za ka gan shi ya siririce kamar sabulun da aka yi wata ana wanka da shi, sai ka kimanta kashi nawa ya rage ka rubuta. Wanda ya kamata ya tsorata ka shi ne anod ɗin da ya yi shekara goma yana nan sabo dal, wannan ba ya aiki kenan, wataƙila haɗinsa da ƙarfen ya katse. Daga nan matuƙi zai soka tsinken awo jikin ƙarfen a karanta lantarkin. Abin da ake nema shi ne lambar ta kai debe 800 na milivolt ko ta zarce, kusa da anod mai lafiya za ka ga wajen debe 1,000 zuwa debe 1,050. In ka ga debe 700 to ƙarfen nan yana tsatsa yanzu haka da kake kallonsa. In kuma ta zarce da yawa shi ma akwai matsala ga ƙarfe mai tauri sosai irin na wasu kusoshi, domin iskar haidirojin na shiga jikinsa ya zama mai saurin karyewa.

Akwai wata dabara mai kyau ta neman tsaga a jaket ba sai an kankare kowace walda ba. Sandunan nan bututu ne rufaffu, cikinsu busasshe ne tun daga wurin ƙira. Sai a ɗora na'ura a jiki ta gaya maka akwai ruwa a ciki ko babu. In akwai ruwa to wani wuri ya tsage har ya ratsa, sai a dawo a kankare mahaɗar a nemi inda yake. Ka auna kaurin gansakukar ma, domin tana ƙara wa ƙafa faɗi, igiyar ruwa ta samu abin turawa fiye da yadda aka lissafa a ƙira. Sannan a sauka har ƙasa a duba ko ruwa ya zaizaye yashin gindin ƙafafun, irin yadda kwata ke cin gindin katanga da damina, da kuma tarkacen da aka yar, guntun waya da tayoyi da ragar masunta, ragar nan tana naɗe bawul har ta hana shi juyawa.

Bututun da ke kwance a ƙasan teku ta fuska biyu ake duba shi. Ta ciki ana tura wata na'ura da masu aikin ke kira alade, mai ne ko gas ke tura ta daga wannan bakin zuwa wancan, akwai na shara kawai akwai kuma mai ƙwaƙwalwa da ke auna kaurin bango da maganaɗisu ko sauti tana tafiya tana adanawa. Kar ka taɓa yarda a tura mai tsadar kafin a tura na shara da na gwada faɗi, in ta maƙale a tsakiyar bututu a zurfin mita 1,000 an rufe aiki kenan har sai abin da Allah ya yi. Abin da ke cin bututu ta ciki ruwan da ke zuwa tare da mai ne, da iskar CO2 da H2S da kuma bakteriyar da ke zama ƙarƙashin laka, shi ya sa ake zuba sinadarin hana tsatsa kullum, kai kuma aikinka ka tabbatar famfon zuba sinadarin yana aiki da gaske, ka duba tankin yana raguwa kuwa? Ta waje kuma ROV ko na'urar sauti ke bin layin, ana neman inda yashi ya zaizaye bututun ya rage a rataye babu abin da ya tokare shi, domin ruwa na wucewa yana kaɗa shi kamar tsirkiyar garaya har gajiya ta kama shi. Maganinsa a cusa buhunan siminti a ƙasa ko a zuba duwatsu.

Anga kuwa babbar abokiyar gaba ce. Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678 da ke kai gas daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, a 2012 angar jirgi ta lalata shi a kusa da Lome, aka yi kusan shekara gas bai wuce ba, 'yan'uwanmu na Ghana, na unguwar Nima da zangon Kumasi, sun ji a jikinsu ta wajen ɗauke wuta. Wayoyin intanet ma suna da nasu matsalolin a ƙasan teku, ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 muna cikin azumi, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, taransfa ta ƙi tafiya masu POS suka zauna jugum. Mutumin Sakkwato bai taɓa ganin teku ba amma abin da ya faru a ƙasanta ya iske shi har shagonsa.

In FPSO ne, ka ba sarƙoƙi da raiza lokacinsu na musamman. Sarƙa tana cinyewa ne inda zobe ke gogar zobe, musamman can sama inda ta fito daga jikin jirgi da can ƙasa inda take taɓa yashi tana ɗagawa, a nan ake sa ma'auni a auna kaurin zoben. An sha samun jirgin da sarƙarsa ɗaya ta tsinke babu wanda ya sani sai da aka zo duba, sauran suna ɗauke da nauyinta. Raiza mai lanƙwasa kuma hawa-hawa ce, roba da wayoyin ƙarfe, in robar waje ta huje ruwan gishiri ya shiga tsakanin wayoyin to shekarunta sun ragu sosai, don haka ake gwada wannan tsakanin da iskar naitirojin a ga ko yana riƙewa. Har da layin lodin mai zuwa tanka, a Disamba 2011 ta irin wannan layin ne kusan ganga 40,000 ta malala a Bonga.

Duba na zuwa ne lokaci-lokaci, tsakanin wannan da wancan sai na'urorin da aka maƙala su yi maka gadi. Akwai masu auna jijjiga a saman dandamali, kowane gini yana da nasa yanayin lilo, in sanda ta karye a ƙasa lilon na canzawa. Akwai masu auna nauyi ko kusurwar sarƙa, da GPS da ke nuna ko jirgi ya gusa daga inda ya saba, da masu sauraron yashi a cikin bututu. Shawarata a nan ɗaya ce, kowace na'ura a san sunan wanda ke kallon abin da take faɗa, kuma a rubuta tun yanzu in lamba ta wuce kaza wa za a kira me za a yi. Na'urar da batirinta ya mutu tun bara kuma allo na nuna kore ta fi rashinta haɗari.

Yanzu ka dawo tudu da lambobi, sai lissafi. Misali kawai, bututu ya fara da milimita 20, bayan shekara 8 ka samu 18, kenan yana rasa 0.25 a shekara. In mafi ƙarancin da ƙira ta yarda 14 ne, saura 4, wato shekara 16 in komai ya tsaya yadda yake. Amma komai ba ya tsayawa, rijiya in ta tsufa ruwanta na ƙaruwa cin ma ya ƙaru, don haka ka lissafa da awo biyun ƙarshe ma ka ɗauki wanda ya fi muni, kuma ka sa duba na gaba tun kafin rabin shekarun su cika. Duk abin da ka gani ba daidai ba ka buɗe masa shafi, hoto, wuri, girma, wa zai gyara, zuwa yaushe, kar a rufe shafin sai an ga hoton gyaran.

A nan akwai abin da har yau yake min ciwo. Wani wuri da na yi aiki aka kawo mana rahoton awon kauri daga ɗan kwangila, tsaf da shi har da tambari, na ɗauko na shekarar baya na jera su sai na ga lambobin iri ɗaya ne sak layi bayan layi, har wani kuskuren rubutu da ke cikin tsohon yana cikin sabon. Babu wanda ya auna komai. Da na kai magana aka ce in yi haƙuri lokaci ya ƙure a sa hannu kawai, na ƙi, aka yi ta ja har aka sake turo mutane, kuma a wani gwiwar bututu aka tarar kaurin ya kusa kai iyaka. Mutane na kwana a saman wannan bututun, ciki har da masu dafa mana abinci. Ƙanena in ka ga lambobi sun yi kyau fiye da kima ka nemi ainihin fayil ɗin na'urar da hotunan wurin masu kwanan wata, kuma duk abin da aka ce maka da baki ka mayar da shi imel.

Shekarun ƙira in sun kusa cika, mai kuma bai ƙare ba, sai maganar ƙarin wa'adi ta taso, kuma a fara ta tun da sauran shekaru. Ana sake lissafin ƙarfin ginin ne da yanayinsa na yau, kaurin da ya rage, gajiyar da ya riga ya sha, da nauyin da aka yi ta ɗora masa, domin dandamali kamar gida ne, yau a ƙara janareta gobe a ƙara kwantena, in ba a rubuta nauyin kowanne ba wata rana ƙafafu na ɗauke da abin da ba a yi su dominsa ba. Har ƙasan ma tana iya sauka, a Ekofisk ɗin nan ƙasan teku ta yi ta nutsewa saboda man da aka zuƙe, sai da aka yanke ƙafafu aka ɗaga dandamalan da mita 6 a 1987. Daga lissafin ne za a san ko sabbin anod za a sa, ko a ɗaure mahaɗa da maɗaurin ƙarfe, ko a canza sarƙa, ko a rage nauyi, ko kuma a ce ya isa. Mu a nan mun ga Trinity Spirit, jirgin da aka ƙera tun 1976, ya yi bindiga ya kama wuta a gaɓar Delta a Fabrairun 2022 aka rasa rayuka, ya kamata duk mai riƙe da tsohon jirgi ya riƙa tuna wannan.

Cirewa ma aiki ne na injiniya cikakke. Dokar man fetur ta PIA da aka sa wa hannu a 2021 ta wajabta wa kamfani ya yi tsarin rufewa ya kuma riƙa ajiye kuɗinsa a asusu na musamman, hukumar NUPRC ke sa ido a kan na ɓangaren haƙa. A Turai sai da aka yi rigimar Brent Spar a 1995, lokacin da aka so nutsar da wata tsohuwar ma'ajiyar mai a teku jama'a suka ƙi, kafin a 1998 ƙasashen yankin su hana zubar da irin waɗannan kaya in ban da 'yan kaɗan. Tsarin shi ne a toshe rijiyoyi da siminti hawa-hawa a gwada, a wanke bututu a fitar da mai da gas, a sauke na sama, a yanke ƙafafu ƙasa da yashi a ɗaga. Kuma ko an daina haƙa kar a daina duba, domin masu yankan za su hau kansa, kiren kuma zai ɗaga shi ne da lissafin nauyi da kaurin da kai ka rubuta. Bayan an kwashe sai ROV ta sake sauka ta bi wurin kaf, a tabbatar babu guntun ƙarfen da zai kama ragar masunta, duk bututun da aka bari a binne kuma a sa shi a taswirar jiragen ruwa, a rubuta ranar da za a dawo a sake leƙa shi.